Ta Ina Wutar Za Ta Koma?

[Kiɗan buɗe shiri]

Shirin yau na 'yan sakandare ne, musamman masu shirin zana WAEC da NECO. Amma iyayenmu kada ku murɗa rediyo, akwai rabonku a ciki, tun da ku ke biyan kuɗin wuta. Ɗalibai, a jawo biro da takarda, akwai ɗan lissafi a gaba.

Ku duba duk wani abin lantarki da ke kusa da ku. Cajar waya ƙafa biyu gare ta, wata ma uku. Batirin tocila kai biyu gare shi. Wayar da ta sauko daga falwaya zuwa gidanku, ku leƙa gobe da safe, za ku tarar aƙalla biyu ce. Me ya sa? In da wuta zuwa kawai take yi ta ƙone a cikin ƙwan fitila, ai waya ɗaya ta wadatar, kamfani ma ya huta da sayen ta biyu. Dalili shi ne lantarki ba ya barin inda yake sai in yana da hanyar komawa can. Wannan hanya da ta fita daga batir, ta ratsa ƙwai, ta dawo batir, ita ake kira da'irar lantarki. Duk abin da za mu faɗa yau, daga tocila har madatsar Kainji, tambaya guda za mu riƙa yi masa: ta ina wutar za ta koma?

Amma tukuna, mene ne yake tafiyar? Kowane abu, ƙarfe ne ko ruwa ko jikin ɗan Adam, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. A kewayen kowace ƙwaya akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu ɗauke da caji, sunansu ilektoron. A cikin roba da gilashi da busasshen itace, kowane ilektoron a ɗaure yake da ƙwayarsa, ba ya zuwa ko'ina. A cikin jan ƙarfe da alminiyam kuwa, akwai waɗanda suke a sake, suna yawo tsakanin ƙwayoyin. Shi ya sa ake yin cikin waya da jan ƙarfe, a lulluɓe bayanta da roba. Waɗannan sakakkun ilektoron, in aka tura su suka nufi gefe guda, shi ne kwararar lantarki.

Ga misali ɗaya da nake so ku riƙe. Ku kifar da keke, ku juya feda da hannu. Sarƙar nan a cike take tun kafin ku taɓa ta, ba fedar ce ta haife ta ba. Da kun juya, duk sarƙar za ta motsa lokaci guda, ta kusa da feda da ta kusa da tayar baya. Sarƙa ba ta raguwa don ta juya taya. Abin da ya wuce zuwa taya ƙarfin hannunku ne. In kuma ta tsinke, ko ta sama ko ta ƙasa, taya ta tsaya ke nan. To, feda ita ce batir, sarƙa ita ce ilektoron ɗin da ke cikin waya, taya kuma ƙwan fitila.

Wannan misali ya warware abubuwa uku da ke kayar da ɗalibai a jarrabawa. Batir ba rumbun ilektoron ba ne, mai turi ne kawai. In ya mutu, sinadarin da ke ba shi ƙarfin turi ne ya ƙare. Sannan ƙwai ba ya shanye kwarara: adadin da ya shiga ta waya ɗaya, shi ne daidai yake fita ta ɗayar. Abu na uku kuma, shi ilektoron ɗin kansa ba gudu yake yi ba. A wayar gida, tafiyarsa ba ta kai milimita guda a sakan ba. Abin da ya sa fitila ke kamawa nan take shi ne turin yana ratsa dukan da'irar kusan da saurin haske. Makunni kuwa, wato suwic, ba abin da yake yi illa ya tsinke da'ira ko ya haɗa ta.

Wani abu zai ba ku mamaki a littafi. Za ku ga kibiya tana nuna kwarara daga kan batir mai alamar tarawa zuwa mai alamar ɗebewa, alhali ilektoron akasin haka yake bi. Ba kuskuren ɗab'i ba ne. Tun zamanin Benjamin Franklin na Amurka masana suka tsayar da alamomin, ba a kuwa gano ilektoron ba sai a 1897, a hannun J. J. Thomson na Ingila. Da gaskiya ta fito, an riga an cika littattafai, sai aka bar kibiyar yadda take. A jarrabawa ku bi kibiyar littafi.

Yanzu ga ma'aunai uku. Na farko ƙarfin turi, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Sunan daga Alessandro Volta ne, mutumin Italiya, wanda ya haɗa batir na farko a 1800. Faifan jan ƙarfe da na tutiya ya jera, ya sa ƙyalle jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu. Batirin tocila bolt 1.5 ne, na cikin wayar hannu wajen 3.7, na mota da na yawancin babura 12, wutar soket a ƙasar nan kuma 230, in ta zo a cike.

Na biyu yawan kwarara, wato yawan cajin da ke wuce wuri guda a sakan ɗaya. Ana auna shi da amfiya, alamarsa I. Amfiya ɗaya na nufin ilektoron wajen 6 da sifiri goma sha takwas a gabanta suna wucewa kowane sakan. Kada ku wahalar da kanku wajen neman sunan wannan lamba.

Na uku turjiya, alamarta R, ana auna ta da om. Ita ce birkin keken nan namu. Kuma kun san birki in an matse shi zafi yake yi. Haka duk inda lantarki ya gamu da turjiya, zafi ke fita. Dutsen guga da hita ba wani sihiri a cikinsu, waya ce mai turjiya da aka naɗe. Waya in ta yi tsawo turjiyarta ta ƙaru, in ta yi kauri ta ragu.

Wanda ya ɗaure waɗannan uku da igiya ɗaya shi ne Georg Ohm, Bajamushe, a 1827. Ina son ku san ko wane ne shi: malamin sakandare ne a birnin Kolon, ɗan maƙerin kwaɗo, kuma da hannunsa ya riƙa haɗa kayan gwajinsa. Ka'idarsa ita ce: V daidai yake da I sau R. In kwarara kuke nema, ku raba V da R. Ku rubuta. Tocila mai batir biyu, bolt 3 ke nan. In turjiyar ƙwanta om 10 ce, kwarara nawa? Uku a raba da goma, amfiya 0.3. Kuma don Allah ku riƙa rubuta ma'aunin a gaban amsa. Mai duba takarda in ya ga 0.3 tsirara, bai san ko na amfiya ba ne ko na mudun gero, sai ya zaftare maki.

Ku gwada ka'idar a garejin bakanike. Yaron gareji yana dafa kawunan batirin mota biyu da hannu, ko gezau. Me ya sa? Busasshiyar fata turjiyarta kan kai om 100,000. Bolt 12 a raba da wannan, abin da ya fito bai kai a ji shi ba. Amma bari sifana ta faɗo ta haɗa kawunan nan biyu. Turjiyar sifana kusan babu ce, don haka ɗaruruwan amfiya za su bi ta cikinta, tartsatsi ya tashi, ƙarfe ya yi ja, batir ma yana iya fashewa. Batir ɗaya ne, hanyar komawar ce ta bambanta. Haka kuma tartsatsin nan da kuke gani a jikin bargo da daddare lokacin hunturu: turinsa dubban bolt ne, amma cajin ɗan kaɗan ne, kafin ƙiftawar ido ya ƙare. Saboda haka yawan bolt shi kaɗai bai isa ya gaya muku haɗarin abu ba.

[Gajeren kiɗa]

Madalla, muna tare. Yanzu sai yadda ake haɗa kaya a da'ira, kuma iri biyu ne: haɗin jere da haɗin rassa. A haɗin jere hanya ɗaya ce tak, wuta ta shiga ƙwai na farko, ta fita ta shiga na biyu, ta koma batir. A haɗin rassa kuwa, waya ta rabu, kowane ƙwai da nasa reshe, sannan su sake haɗuwa.

Mu ɗauki batirin babur, bolt 12, da ƙwai biyu, kowanne om 6. In kun jera su, turjiya tarawa ake yi: shida da shida, om 12. Kwarara ta zama sha biyu a raba da sha biyu, amfiya 1. Wannan amfiya ɗayar ita ke ratsa su duka, amma turin sun raba shi, kowanne ya sami bolt 6. Haske dishi-dishi. In kuma ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa ma ya mutu, don hanyar komawa ta yanke.

To, ku kwance, ku mai da su rassa. Yanzu kowane ƙwai yana fuskantar batir kai tsaye, ya sami cikakken bolt 12. Kowanne zai ja sha biyu a raba da shida, amfiya 2. Biyu da biyu, batir yana fitar da amfiya 4. Haske ya yi tas, amma batir zai ƙare da wuri, don abin da ake ja ya ninka sau huɗu. A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Turjiyar da'irar gaba ɗaya ita ce sha biyu a raba da huɗu, om 3. Kun ji? Mun haɗa om 6 da om 6, mun sami om 3. Ƙarin reshe ƙarin hanya ne, don haka turjiya raguwa take yi. Duk lokacin da kuka yi lissafin rassa kuka ga amsarku ta fi ƙaramar turjiyar da ke cikinsu girma, ku koma baya, akwai kuskure.

Masu fitar da tambayoyi suna kuma son batun na'urorin awo. Amita, mai auna kwarara, a jere ake sa ta, don wutar ta bi ta cikinta. Boltmita kuwa a reshe ake sa ta, ƙafa ɗaya kafin ƙwai, ɗaya bayansa. Masu haɗa sola a Azare da Misau kullum cikin wannan lissafi suke, ko sun yi makaranta ko ba su yi ba. In inbata mai bolt 24 ce, sai su jera batir biyu masu 12. In so suke wuta ta daɗe a kan bolt 12, sai su yi musu rassa. Gwani a cikinsu ba ya yarda ya jera tsohon batir da sabo, don ya san raunin ɗaya zai ja ɗayan ƙasa.

Gidajenmu duk haɗin rassa ne, shi ya sa za ka kashe fanka, firji ya ci gaba da aiki. Sai dai ku tuna abin da muka gani yanzu: kowane reshe da aka ƙara, kwararar da ke bin babbar waya ƙaruwa take yi. Ga ka'ida ta biyu: ƙarfin aiki, wanda ake aunawa da wat, shi ne V sau I. Ku juya dutsen guga, za ku ga an rubuta wat ɗinsa a jiki. A ce 1,000 ne. A raba da 230, amfiya 4 da 'yan kai. Ba laifi. Amma ga safiyar Litinin da sanyi, an kawo wuta, kowa na sauri. An jona dutsen guga, an jona hita mai wat 1,500, an jona risho na lantarki mai 1,000, duk a ekstenshan guda. Jimla wat 3,500. A raba da 230, ya haura amfiya 15. Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi kuwa iyakarsa amfiya 13, arhar ekstenshan ɗin kasuwa mai siririyar waya ma ba ta kai nan ba. Zafin da waya ke yi kuma ba a hankali yake hawa ba: in kwarara ta ninka biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa. Roba ta narke, waya biyu su haɗu, wuta ta sami gajeriyar hanyar komawa wadda ba turjiya a cikinta. Labarin sifanar nan ne ya dawo, amma a cikin ɗaki mai katifa da labule.

Saboda wannan rana aka yi fiyus. 'Yar siririyar waya ce da aka sa a jere da gidan duka, aka yi ta da gangan don ta riga kowa narkewa. In ta tsinke, aikinta ta yi. Amma me muke yi? Sai a sami mai ƙarfin hali ya naɗa jan ƙarfe mai kauri a gurbinta, ko takardar azurfar kwalin sigari, ya ce ya gyara. A ganina, cikin duk gangancin da ake yi da wuta a gidajenmu da kasuwanninmu, babu wanda ya kai wannan, domin mai yin sa yana tafiya ne da yaƙinin ya yi abin kirki. Wayar cikin bango ce yanzu za ta narke a madadin fiyus. Iyaye, in fiyus ya cika tsinkewa, ku rage kaya ko ku kira mai wayarin ya duba.

Ga kuma rabon masu biyan kuɗi. Yunit ɗaya na mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Guga ta awa ɗaya, yunit ɗaya ya tafi. Ƙwai na zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci wannan yunit ɗin. Tsohon ƙwai mai wat 60 kuwa bai kai awa 17 ba.

Mu fita daga gida mu bi waya zuwa tushenta. A 1831 Michael Faraday, wanda ya fara rayuwa a matsayin yaron mai ɗinkin littattafai a Landan, ya gano cewa in maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki zai kwarara a cikinta. Ƙaramin janareton mai shagon caji da manyan injinan Kainji duk a kan wannan suke aiki. Ɗaya fetur ke juya shi, ɗaya ruwan kogin Kwara. An kammala Kainji a 1968, mai ƙarfin megawat 760. Jebba ta biyo baya, sai Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990, mai megawat 600. Kusa da mu akwai Dadin Kowa a jihar Gombe, mai megawat 40. Mafi yawan wutar ƙasar dai daga tashoshin iskar gas na kudu take fitowa. Wutar duk waɗannan injina ba gefe guda take bi kamar ta batir ba, kai-komo take yi, zagaye 50 a kowane sakan.

Tafiyar ɗaruruwan kilomita fa? Doguwar waya turjiyarta babba ce, za ta cinye wutar a hanya. Dabarar ita ce a ɗaga bolt don a rage amfiya, tun da wat shi ne V sau I. Taransifoma ce ke wannan aiki. Ana ɗaga turin zuwa bolt 330,000 a manyan layuka, a sauke shi zuwa 132,000, a tashoshi irin ta Azare a mai da shi 33,000, har ya iso taransifomar unguwa ya zama 230 na soket. Kamfanin raba wuta na Jos, wato JED, shi ke da jihohin Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai tun bayan sayar da kamfanonin wuta a 2013, ko da yake har gobe yara NEPA suke yi wa ihu in an kawo. Mu da ke nesa da tushe mun san wuta mai rauni, wadda ƙwai zai yi ja kamar garwashi. Ka'idar Ohm ce: layi ya yi tsawo, masu ja sun yi yawa, wani kaso na turin ya zube a hanya. In kun ga haka ku cire firji, don injinsa yana iya kasa tashi, ya tsaya yana jan kwarara har ya ƙone.

Kun kuma tuna duhun watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda babu wuta, masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara suka ji a jikinsu. Manyan hanyoyi biyu ke hauro mana da wuta. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, nauyi ya koma kan wanda ya taso daga Inugu ta Makurɗi zuwa Jos, shi ma ya faɗi. Darasin rassa ne a aikace: reshe biyu ya fi ɗaya, amma ƙasa mai girman wannan ta fi ƙarfin reshe biyu.

Ku ɗaga kai ku ƙirga wayoyin falwayar unguwa, galibi huɗu ne. Uku masu wuta, su ne fes ɗin da ake canjawa in ɗaya ya yi rauni. Ta huɗu ita ce hanyar komawa ta kowa da kowa, masu wayarin na ce mata nutural. Tsakanin fes guda da ita bolt 230 ne, amma tsakanin fes da fes wajen 400 ne. To, in ta huɗun nan ta tsinke ko ɓarayi suka yanke ta, wuta ba za ta haƙura ba. Za ta shiga gidanku ta fes ɗinku, ta koma ta gidan maƙwabcinku a wani fes. Gidaje biyu sun zama haɗin jere a kan bolt 400, kuma wanda ya kunna kaya kaɗan, mai babbar turjiya, shi zai kwashi kaso mai tsoka. Wannan na cikin dalilan da ke sa a ce wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone talabijin da caja a layi guda. In kun ga ƙwai ya yi wani irin haske fiye da kima, na maƙwabci kuma ya dushe, ku kashe babban makunni nan take.

Akwai abin da ya kamata kowa ya sani game da wayar nan ta huɗu: a gindin taransifoma an haɗa ta da ƙasa. Ma'ana, ƙasar da kuke takawa ita ma hanyar komawa ce. Shi ya sa tsuntsu ke sauka a kan waya mai dubban bolt yana gyaran gashinsa. Ƙafafunsa biyu a waya ɗaya suke, wuta ba ta da inda za ta je ta jikinsa. Mutum kuwa, hannu a waya, ƙafa a ƙasa, shi ne ya cike da'irar. Ku yi lissafin da kanku. Jiƙaƙƙen jiki turjiyarsa kan sauko zuwa wajen om 1,000. Bolt 230 a raba da dubu, amfiya 0.23. Kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ma mutum yana jin sa. Kashi goma zuwa ashirin, hannu ya ƙanƙame waya ya ƙi saki. Kafin a kai kashi ɗari, zuciya tana iya rikicewa ta daina harba jini. Namu lissafin ya ba da kashi 230. Kun ga dalilin da ya sa hitar bokiti ta zama abin tsoro: ga ruwa, ga ƙafa ba takalmi, ga hannu da ake tsomawa don a ji ko ya yi zafi. 'Yan mata da samari na makarantun kwana, da ku nake. A cire fulogi tukuna.

Ƙafa ta uku ta fulogi, doguwar nan ta sama, don wannan aka yi ta. Tana haɗa jikin ƙarfen firji ko dutsen guga da ƙasa, ta yadda in waya ta zame ta taɓa jikin, wuta za ta bi ta nan da yawa, fiyus ya tsinke, kafin hannun wani ya kai. Masu janareto kuma, kada a jona shi da wayarin gida sai da makunnin sauya layi. In ba haka ba wutarku za ta fita ta bi layin gari, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, alhali ga ma'aikaci can a kan falwaya ya sakankance an ɗauke wuta.

In wuta ta ja mutum a gabanku, kada ku kama shi, za ku zama reshe na biyu. Ku kashe babban makunni. In ya yi nisa, ku tsaya a busasshen wuri ku ture wayar da busasshiyar sanda. Wannan na wutar gida ne. In babban layi ne ya faɗo, ko sanda ba ta da amfani, ku nisance shi, ku hana yara da dabbobi matsawa, a kira ma'aikata. Wanda wuta ta ja a kai shi asibiti ko da ya miƙe yana dariya, don ɓarnar takan kasance a ciki. Madarar da ake ɗura masa ba ta gyara bugun zuciya.

Saura aikin gida. Ku nemi batirin tocila biyu, da ƙwan tsohuwar tocila, da 'yan guntayen waya. Batir kawai na ce, ban ce soket ba. Ku haɗa da'ira ku bar giɓi a wuri guda, sannan ku riƙa cike giɓin da abubuwa: ƙusa, cokali, tsinken tsintsiya, guntun silifa, da fensir da aka feƙe kai biyu. In ƙwan na zamani ne ya ƙi kamawa ko da ƙusa, ku juya ƙafafunsa, don gefe ɗaya yake karɓa. Ku rubuta wanda ya ba da haske, da wanda ya hana, da wanda ya ba da kaɗan, ku faɗi dalili.

Sai tambaya ta biro. Batir mai bolt 12, an haɗa masa turjiya biyu, om 4 da om 12. Ku nemo kwararar da ke fita daga batir in an jera su, ku kuma nemo ta in an yi musu rassa. Ku kai wa malamin fizik na makarantarku ya duba, mu kuma za mu warware ta a farkon shiri na gaba, kafin mu shiga batun maganaɗisu da yadda injin fanka ke juyawa.

[Kiɗan rufe shiri]